Marayun da Iyayensu Ke Raye

Lahadin farko ta watan Disamba, an tashi daga sujadar sashen Hausa a wata majami'a da ke cikin lungunan Nyanya. Matan zumunta, sanye da atamfa iri ɗaya, suna kwashe tulunan kiɗa da goruna zuwa ɗakin ajiya. Mai kunun zaƙi ta kafa bokitinta a gindin mangwaro, yara sun yanyame ta. Duk inda ka kasa kunne zance ɗaya ake yi, na tafiya gida. Nawa motar Mubi ta kai bana? Wa zai riƙe wa wance buhun shinkafa zuwa Biliri?

Wata dattijuwa ta juya wajen wani saurayi da ke durƙushe yana naɗe wayar lasifika.

"Ɗana, kai fa? Yaushe za ka tafi?"

"Mama, bana aiki ya riƙe ni."

"Bara ma haka ka ce mini. Ka je ka gaida tsofaffinka mana. Albarkarsu ake nema tun suna da rai."

"To, Mama. In Allah ya yarda."

Ya naɗe wayar, ya warware, ya sake naɗewa, har ta wuce.

Babu aikin da ya riƙe shi. Tsofaffinsa suna nan da ransu, motar garinsu kullum tana lodi a Zuba, kuɗin motar ma bai fi ƙarfinsa ba. Ƙofar da za a buɗe masa in ya isa ce babu. Dattijuwar ba ta yi laifi ba, tambayar da kowace uwa za ta yi ta yi. Amma irin wannan saurayi suna da yawa a majami'unmu na Abuja, kuma ba mu tanadar musu komai ba. Muna da makon gwauraye, muna da asusun marayu, muna kai ziyara asibiti da gidan yarin Kuje. Wanda mahaifinsa ya rasu mun san abin da za mu yi masa: mu je, mu zauna, mu yi waƙa, mu ce Ubangiji ya ta'azantar. Wanda mahaifinsa ke raye amma ya ce kada ya ƙara taka masa gida, bakinmu mutuwa yake yi. In mun buɗe shi kuwa, ɗayan magunguna biyu muke miƙawa, kuma dukansu fama ciwon suke yi.

Na gaskata bangaskiyar Kirista tana da ta'aziyya ta gaske ga irin wannan mutum, don na ga ta riƙe waɗanda da tuni sun zube. Sai dai ta sha bamban da wadda muka saba rabawa.

1. Garin da kowa ke da wani gida

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa dokar sabon babban birni a 1976, Janar Ibrahim Babangida ya taso da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Tun daga nan Abuja ta zama garin zuwa. In ka ware Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da sauran waɗanda aka tarar a ƙasar kakanninsu, duk wanda ka gani a nan yana da wani wuri da yake kira gida. Mutum zai shekara ashirin a Kubwa, ya yi gini a Masaka, amma ran da ya cika ƙauye za a kai gawarsa. Shi ya sa tituna ke yin fayau da Sallah da Kirsimeti. A irin wannan gari, wanda gida ya juya wa baya ba shi da madafa: nan baƙo, can korarre.

In an ce korarre, hankalinmu kan tafi ga wanda ya bar addinin iyayensa ya karɓi baftisma. Suna nan, kuma nasu ciwon mai zurfi ne, domin sau da yawa uwar da ta daina ɗaukar wayarsu da hawaye take yi, a ganinta ɗanta ya halaka. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sauya addini, amma babu alƙalin da zai tilasta wa uba ya amsa gaisuwar ɗansa.

Sai dai akasarin waɗanda na sani, abin da ya raba su da nasu bai shafi addini ba. Fili ne da baffa ya sayar bayan rasuwar uba. Gwauruwa ce da dangin miji suka kwashe takardun gida tun ba a share makoki ba, suka bi ta da zargin ita ta cinye shi. Yarinya ce da ta yi ciki tana makaranta, ko ta auri wanda ba yarensu ba. Ga kuma wanda Abuja da kanta ke haifarwa: a ƙauye ana ɗauka duk wanda ke nan da shebur yake kwasar kuɗi. Masinja mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira dubu 70 tun 2024, wanda kuɗin mota daga Mararaba zuwa Sakatariya ke lashe masa kaso mai tsoka tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, shi ake jira ya biya kuɗin makarantar ƙanne, ya rufa ɗakin tsohuwa, ya sayi taki. Ran da ya kasa sai a ce ya shiga birni ya manta asalinsa. Ba faɗa, ba zagi. Wata safiya kawai zai duba waya ya ga an cire shi daga zauren WhatsApp na 'yan gidansu.

2. "Ka dai yi haƙuri"

Wannan ne maganinmu na farko, kuma da zuciya ɗaya muke miƙa shi. Mun taso muna jin cewa zumunta a ƙafa take, hannunka kuma ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne. Amma in dattijon ikkilisiya ya dafa kafaɗar mutum ya ce, "Je ka ba su haƙuri, babba ba ya laifi," ya yanke hukunci ke nan bai ji ba'asi ba. A ƙarƙashin maganar akwai wata da bai furta ba: ruwa ba ya tsami banza, kai ma da abin da ka yi.

Wataƙila da shi, don ba kowane korarre ne mai gaskiya ba. Amma na san wata mata a wajen Karu da ta je garin mijinta da dattawa, da goro, da turmin atamfa na uwar miji, ta durƙusa a tsakar gida gaban waɗanda suka ƙwace wa 'ya'yanta gado. Aka bar ta a durƙushe har rana ta take, aka aiko yaro ya mayar mata da atamfar a cikin ledarta. Da ta komo Abuja, abin da ta fara ji a zumuntar mata shi ne, "Ki ƙara haƙuri, ki sake komawa." Ta ce mini wannan "ki ƙara" ɗin ya fi korar yi mata zafi, domin ya nuna mata har 'yan'uwanta cikin Ubangiji suna ganin da sauran abin da ba ta yi ba.

Abu biyu muka cakuɗa. Gafara aikin mutum ɗaya ce, tsakaninsa da Allah, kuma Almasihu bai ba mu zaɓi a kanta ba. Sulhu kuwa sai da mutum biyu. Manzo Bulus ma, da yake gargaɗin masu bi na Roma a sura ta 12 a kan zaman lafiya da kowa, sai da ya gindaya sharaɗi, don ya san akwai iyakar abin da ke hannun mutum. Wanda ya taɓa rabuwa da abokin tafiyarsa Barnaba cikin zafin rai ya san abin da yake faɗa. Akwai ma inda komawa gida ganganci ne, kamar matar da ake duka, ko yaron da aka yi wa barazana da rai. Faston da ya matsa wa irin waɗannan su koma don a ce ya yi sulhu, in wani abu ya faru alhakin na wuyansa.

3. Wa'azin "maƙiyan gida"

Magani na biyu ya fi na farko daɗin sha, ya kuma fi shi illa. Bi hanyar Nyanya zuwa Masaka, ko ta Kubwa zuwa Zuba, ka karanta takardun taron addu'ar dare da ke manne a gadoji da turakun lantarki. Da yawansu abu ɗaya suke talla: a zo a karya ikon gidan uba, a zo a mayar wa maƙiyan gida da kibiyarsu. Wannan koyarwa ba a majami'un Hausa ta tsiro ba, ta talabijin da waya ta shigo mana, har ta kai yau a wasu tarukan matasanmu za ka ji ana kiran wuta a kan goggo da baffa.

Na fahimci abin da ya sa take ci. Wanda aka wulaƙanta yana neman mai ce masa, "Kai ke da gaskiya." In aka gaya masa kakarsa ce ta ɗaure masa tauraro shi ya sa bai sami aiki ba, an ɗauke masa nauyin kewa ke nan, domin ba a kewar mayya. Daren farko zai yi barci mai daɗi. Amma dubi abin da aka yi masa: ya shigo da rauni, ya fita da gaba. Da yana jiran ranar da za a kira shi, yanzu ko an kira ba zai ɗauka ba, tunda mai addu'ar ya ce duk kiran da ya fito daga ƙauye tarko ne. Tsohuwar da ta goya shi ta aiko da daddawa da kuka ta hannun direba, ya juye a bola don an ce kada ya ci abin hannunta. Ɗan abin da zai aika gida kuma ya koma aljihun mai addu'ar. Can ƙauye kuwa, zargin maita ba ya tsayawa a baki. Tsofaffin mata ne ke ɗaukar dukan, wani lokaci har a rasa rai.

Masu wannan wa'azi sukan fake da Matiyu sura 10, inda Yesu ya yi maganar rabuwar ɗa da uba saboda shi. Gargaɗi ya yi wa almajiransa a kan abin da zai same su, bai aike su su jawo shi da hannunsu ba. Shi ne kuma, a Markus sura 7, ya tsawata wa malaman da suka koya wa mutane su keɓe dukiya da sunan Allah don su kauce wa haƙƙin iyaye. Duk mai wa'azin da ya raba ɗa da uwarsa, sa'an nan ya karɓi kuɗin da ya kamata ya je wa uwar, wannan sura da shi take.

4. Littafin bai ɓoye ba

A ganina ta'aziyyar tana farawa ne daga cewa Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ɓarakar gidaje ba. Wanda ya buɗe shi da ciwon gida zai tarar an riga shi. Yusufu, wanda maƙwabtanmu Musulmi ma suka san ƙissarsa sarai, yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai bayan shekara fiye da 20 ya sake sa su a ido. Mukan yi saurin tsallakawa zuwa rungumar ƙarshe, amma a duba yadda ya bi. Bai bayyana kansa ran farko ba. Ya gwada su, ya sake gwadawa, yana so ya gani ko waɗanda suka jefa shi rijiya za su yar da ƙaninsa Biliyaminu ma. Tsakanin gwajin yakan keɓe ya yi kuka, ya wanke fuska ya dawo. Ga mutumin da ya yafe, yana kuma ƙauna, amma bai saki jiki da ka ba. Bayan an sulhunta, an yi shekara 17 tare a Masar, da mahaifinsu ya rasu sai tsoro ya sake kama 'yan'uwan, suna zaton yanzu zai rama. Tabon yana nan, zama da shi aka koya.

Na Dawuda da Absalom kuwa bai ƙare da daɗi ba ko kaɗan. Shekara 3 ɗan yana gudun hijira a Geshur, ya komo Urushalima ya yi shekara 2 bai ga fuskar ubansa ba, ƙarshe ya mutu yana yaƙar uban, sarki ya hau ɗakin da ke bisa ƙofar gari yana kuka yana kiran sunansa. An bar wannan a cikin Littafin. Ke nan mai bi zai iya yin addu'a shekara da shekaru ƙofar ba ta buɗu ba, kuma hakan bai nuna bangaskiyarsa ta gaza ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin cewa in ka yi azumin kwana kaza babanka zai kira ka, alkawarin nasa ne shi kaɗai.

Sai Yesu kansa. Markus ya ce danginsa sun fito su kama shi, suna cewa ya zautu. Yahaya ya ce 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Mutanen Nazarat, da suka san shi tun yana yaro, suka kai shi bakin dutse za su jefa shi. Wanda muke yi wa sujada ya san ɗacin a raina ka a gidanku, kuma wannan babban abu ne ga mutumin da ke kwance shi kaɗai a ɗakin haya a Mpape daren Kirsimeti, don ya san wanda yake kai wa kuka ya ɗanɗana. Duk da haka Yesu bai la'anci gidansu ba. Yana kan gicciye yana shirya wanda zai riƙe mahaifiyarsa. Bayan tashinsa, Ayyukan Manzanni ya nuna 'yan'uwan nan nasa cikin masu addu'a a bene, ɗayansu, Yakubu, har ya zama jigon ikkilisiyar Urushalima. In ka ari Littafin ɗaya daga cikin mutanen da nake magana a kansu, kada ka yi mamaki in ka ga shafin Zabura ta 27 ya yi dauɗa da yatsa, don a nan ne aka ambaci wanda uwa da uba suka yashe.

5. Daga Wusasa zuwa Durumi

Amma ta'aziyyar da ta tsaya a shafi ba ta miƙa wa mutum ruwa ran da zazzaɓi ya kwantar da shi. Kiristocin ƙasar Hausa na farko sun san haka. Da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905, waɗanda suka bi shi kaɗan ne, da yawansu kuma sun bar nasu a baya. A 1913 zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka nemo shi, aka kafa ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna. Da mishan ya koma Wusasa a 1929, bayan majami'ar St. Bartholomew sai da aka yi makaranta da asibiti da gidaje, wato gari sosai, inda wanda ya rasa dangi zai sami mai tsaya masa a aure, mai raɗa wa ɗansa suna, mai haƙa masa kabari. Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Ba sai mun tafi tarihi ba. A 2014, da Boko Haram ta mamaye Gwoza a watan Agusta, ta kuma kai hedkwatar ɗarikar EYN da ke Kwarhi a Oktoba, jama'a suka watse. Wasu suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao, wasu suka gangaro Abuja suka kafa bukkokin buhu da leda a Durumi da New Kuchingoro da Wassa. Miji a nan, mata a can. Akwai kuma gidajen da rabuwarsu ta wuce ta nisan hanya, domin wani ɗan gidan ne ya bi 'yan bindiga, ko maƙwabcin da aka tashi tare ne ya nuna ƙofa. Cikin abubuwan da waɗannan mutane suka fara ɗagawa, tun ba su sami ɗakin kirki ba, har da rumfar sujada. A ƙarƙashinta za ka ga matar da ba ta san inda 'yarta take ba, goye da jaririn wadda ba ta san inda uwarta take ba.

Waɗanda ba su da komai sun iya zama dangin juna. Mu masu fanka da kujerun roba fa? Daga kan mumbari muna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa, mu sa baƙi su tashi a tafa musu, amma ran Litinin ba wanda ya san ɗakin da baƙon ke kwana. Wa zai sa hannu a takardar asibiti in za a yi masa tiyata? Wa zai zama baffansa ran da zai je neman aure? Wa zai tsaya masa wajen mai gidan haya? Wa zai ce, "Ran 25 ga wata a gidana za ka ci shinkafa, kuma ba shawara nake ba ka ba"? Rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki, to ko uwar ɗakin ma ba mu cika zama ba.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa za mu maye masa gurbin nasa. Mama Fasto, komai kirkinta, ba ita ta goya shi ba. Ikkilisiyar kirki ita ce wadda, bayan ta ciyar da shi, takan tambaye shi lokaci-lokaci, "Ka aika wa Inna wani abu kuwa?" Akwai wani mai gadi a Gwarimpa da duk ƙarshen wata yake tsayawa wajen mai POS ya tura ɗan abin da ya samu asusun ƙanwarsa, da sharaɗin ta sayi sabulu da maganin hawan jini ta kai wa tsohuwa, kada ta ce daga ina. A wayarsa har yau lambar tana nan da sunan "Inna", ko da yake ta daɗe ba ta ɗauka. Ya ce sujada ce ke ba shi ƙarfin yin haka ba tare da ya jira godiya ba.

6. Mu ma muna kora

Ba zai zama adalci ba in yi magana kamar mu kaɗai ake yi wa. A Gombe da Adamawa da Nasarawa da kudancin Kaduna da ƙasar Zuru, gida ɗaya za ka tarar da Musa mai zuwa masallaci da Musa mai zuwa coci, kakansu ɗaya. Kuma akwai dattawan ikkilisiya da suka rantse ba za su ƙara ganin 'yarsu ba don ta musulunta. Akwai waɗanda suka kori ɗa don kawai ya bar ɗarikar ubansa ya koma wata. Hawayen yarinyar da ta sa hijabi aka rufe mata ƙofa a gidan dattijon coci, da na saurayin da ya karɓi baftisma aka rufe masa a gidan liman, gishirinsu ɗaya.

Monika, mutuniyar Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau, da ɗanta Agustin ya bi wata koyarwa da ta ɗauka ɓata ce, ta ƙi zama da shi gida ɗaya, ta ƙi cin abinci tare da shi. Bayan wani mafarki da ta yi sai ta janye, ta buɗe masa ƙofa, ta ci gaba da addu'a da hawaye shekaru. Sai a 387 aka yi masa baftisma a Milan, a shekarar ta rasu. Mukan ba da labarinta don mu yabi nacinta a addu'a. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne ta mayar da shi kan abinci ɗaya da ita tun bai tuba ba.

Iyaye, na coci da na masallaci, ba wanda ya ce ku amince da zaɓin ɗanku. Ku ƙi, ku gaya masa kun ƙi, ku yi ta kai kuka ga Allah. Amma amsa gaisuwarsa ba ta nufin kun bi aƙidarsa. Malaman Musulunci ma suna karantar da girman sada zumunci da kyautata wa iyaye ko da addini ya bambanta.

7. Ran da labarin zai zo

Akwai ranar da duk korarre ke fargaba, ran da za a ce tsoho ya cika. Wani ƙanwarsa ce za ta kira a ɓoye da tsakar dare. Wani a Facebook zai ga hoton mahaifinsa da addu'o'i jere a ƙasa, bayan an riga an rufe shi.

Littafin Farawa ya ce Isma'ilu da Ishaku, da aka raba tun Ishaku yana ƙarami, tare suka binne Ibrahim a kogon Makfela. Yakubu da Isuwa, 'ya'yan Ishaku, bayan shekara 20 ba sa ga maciji, sun rungumi juna sun yi kuka, amma ba su koma gida ɗaya ba: Isuwa ya nufi Seyir, Yakubu ya yi Sukkot. Inda aka sake ganinsu tare shi ne wajen binne Ishaku. Wani sulhun iyakarsa ke nan, ba a koma cin tuwo kwano ɗaya ba amma an ɗauki makara tare, kuma bai kamata mu raina shi ba.

Shi ya sa nake roƙon majalisun dattawa na ikkilisiyoyinmu a Abuja, na ECWA da EYN da COCIN da HEKAN da ERCC da Baptist da Angilikan da Katolika, su ɗauki wannan rana a matsayin aikinsu tun ba ta zo ba. Fasto ya san su wa ne a garkensa ba sa zuwa gida, ya sani a asirce, kada ya zama abin sanarwa. A ware wani abu daga baiko don kuɗin mota. In labarin ya zo, kada a bar mutum ya shiga mota a Jabi shi kaɗai. Dattawa biyu su raka shi, waɗanda suka san yadda ake shiga gidan makoki na Musulmi da na Kirista, su tuɓe takalmi, su zauna a tabarma, su yi gaisuwa, kada su yi wa'azi. In an bar shi ya shiga cikin gida, madalla. In an tsayar da shi a zaure, su tsaya tare da shi a zauren. In kuwa zuwan akwai haɗari, a shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa a nan Abuja, a yi masa zaman makoki na kwana uku yadda ake yi wa kowa, matan zumunta su dafa, mawaƙa su zo, a kuma ambaci sunan mahaifin nasa da girmamawa ko da addininmu ba ɗaya ba.